Faifan birkin da ba nawa ba

Jama'a, yau saura kaɗan soja ya harbe ni saboda birki.

Na ɗauko buhunan masara daga Betso a a-kori-kurata. Da na iso shingen sojoji na shiga Mubi sai na taka birki. Sitiyari ya kama rawa, motar tana fizga, ta ƙi tsayawa sai da ta wuce gangar farko da suka tare hanya da ita. Wani soja ya ɗaga bindiga, ya ce, "Sauko, hannu sama!"

Suka zazzage buhu uku a ƙasa, masara ce kawai. Da ƙyar suka sake ni.

Na wuce garejin Malam Buba, bakaniken da ya sa min sabon faifan birki watan jiya. Na je da faɗa, don na ɗauka tsohon faifai ya sa min. Ya cire taya, ya shafa faifan, ya ce ya lanƙwashe. Sai ya juya bayan faifan, ya daɗe yana dubawa.

"Alhaji, wannan ba nawa ba ne. Duk wanda na sa, sai na buga masa alama. Wa ka ba motar?"

Mutum ɗaya ne, Yakubu, mijin ƙanwata. Ranar Talata ya are ta zai kai siminti Duvu.

Nan take na kira shi. Na ce, "Yakubu, game da motar nan..."

Ya ce, "Yaya, wallahi ban taɓa birkinka ba."

Ni ko ban ambaci birki ba.