Shukar da Ba Ta Fure Sai an Kashe Fitila

Shekarun baya, lokacin da nake digiri na biyu a Alƙahira, ina zaune a wani ɗan gida mai ɗaki da falo a unguwar Abbasiya, can saman bene. A hawan da ke ƙasana akwai wata tsohuwa 'yar Masar, Kirista, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse ƙasashen waje. Nakan hau mata da tukunyar gas idan mai kawowa ya ce gwiwarsa ba za ta iya ba. Ran nan ta tare ni a bakin ƙofa ta miƙo min wata shuka a ƙaramar tukunya, ta ce tukuicina ke nan.

Ganyenta falle-falle ne, haɗe da juna kamar ƙafar ƙaguwa, babu ƙaya. Ta ce sunanta sabbar ɗin Kirsimeti, don in sanyi ya shigo, daf da idinsu, takan cika da jan fure. Ni kuwa da na ji sabbar, sunan da Larabawa ke kiran shuke-shuken hamada masu ƙaya, sai na ce a raina ai 'yar gida ce, dangin tinya da ƙyarana da muke shinge da su. Na kai ta taga na dasa ta a tsakiyar ranar Alƙahira. Kafin wata ya ƙare ta yanƙwane ta yi jajir kamar wadda aka soya. Na ji tsoron haɗuwa da tsohuwar a bene, na dawo da ita ɗaki na ajiye a kan teburin karatuna.

To a nan ne wata matsalar take. Ni mutum ne da ya taso a unguwar da in an kawo wuta yara ke fita suna ihu. Sai ga ni a garin da ƙwan lantarki ke ci dare da rana. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ban san ana kashe fitila ba. Da ita nake karatu, da ita nake barci, in zan tafi masallaci ma a kunne nake barin ta, wai ina rama duhun da aka ci ni bashi tun ina yaro. Shukar ta farfaɗo, ta yi kore shar, amma sanyi ya zo ya wuce, ya sake zuwa ya wuce, ko alamar fure babu. Ta maƙwabciyata kuwa duk shekara sai ta yi ja har ta zubo gefen tukunya. Takan tambaye ni, in ce mata tawa ustaziya ce, ba ta ado.

Ana nan mahaifiyata ta zo neman maganin ido, a farkon kaka. Ni ne ɗanta na fari, kuma ku da kuka san gidajenmu kun san abin da hakan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai «kai» ko «wancan». Ba ta zama ta kalle ni ido cikin ido. In na gaishe ta takan amsa tana kallon gefe, in ƙannena sun zo kuwa har da wasa da dariya. A wurin kakata na girma, kuma ban taɓa jin haushin abin ba, amma ƙarya nake in na ce ban taɓa kwaɗayin abin da ƙannena ke samu ba.

Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura kaɗan, aikin da za a yi jinkirta tafiyarsa kawai zai yi. Da Larabci ya faɗa min, ni kuma na juya mata da Hausa na rage masa kaifi. Ta ce, «Kai, faɗa min yadda ya faɗa.» Na faɗa mata. Ta ce Allah Ya sa kaffara ne, ta gyara mayafinta.

Bayan aikin haske ya zama abokin gabarta. Na bar mata ɗakina. Da an kira magariba za ta ce in ja katakon taga in kashe ƙwan nan da ke sukar ta, ba za a sake buɗewa ba sai gari ya waye sosai. Na kwashe littattafaina na koma kicin, na manta da shukar a kan tebur. Da rana maƙwabciyata takan hawo da shayi, su zauna, wannan ba Hausa, waccan ba Larabci, amma sai ka ji suna dariya. Har yau ban san me suke cewa ba.

Wata safiya, sanyi ya fara shiga, na kai mata kunu sai ta ce, «Kai, ciyawar nan taka ta yi ƙuraje.» Da yatsa ta gano, tana laluben carbinta. Na duba, sai ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar shinkafa a bakin kowane ganye. Na sauka da gudu na kira maƙwabciyata. Ta hawo tana haki, ta duba shukar, ta duba ƙwan da ke kashe, ta dafa ƙirji.

«Yanzu dai ka bar ta ta yi barci? Ya ibni, ɗana, wannan ba ta fure sai dare ya yi tsawo, duhu sosai, ga ɗan sanyi, makonni a jere. Da rana haske mai laushi ya ishe ta. Ashe fitila kake kunna mata duk shekarun nan?»

Na fassara wa mahaifiyata. Ta yi dariya har ta riƙe idon da aka yi wa aiki, ta ce, «Ai shi tun yana jariri ba ya bari a yi barci.» Wannan ne karo na farko da na ji ta ambaci jarirantakata.

Daga ranar shukar ta zama tata. Maƙwabciyata ta ja kunnenmu kada a matsar da tukunyar, kada a juya ta, in ba haka ba ƙulle-ƙullen za su zube. Mahaifiyata ta zama mai gadi. In na leƙo da dare da hasken waya neman wani littafi sai in ji, «Fita mana da wutar nan.» Kullum da safe za ta shafa su ta ce sun ƙara girma. Ta ce tana so ta ga jan nan da ake faɗa tun da sauran idon gani. Ni kuma na san abubuwa biyu suna tsere da furen, ga idon da ke raguwa, ga bizarta da ta kusa ƙarewa.

Bizar ce ta riga. Ranar tafiya ƙulle-ƙullen sun yi tsawo, bakinsu ya yi ja, amma ko ɗaya bai buɗe ba. Maƙwabciyata ta zo sallama tana ta ma'alish, ma'alish, wato mu yi haƙuri, saura kaɗan. Mai tasi yana ƙasa yana danna hon. Sai mahaifiyata ta ce in buɗe taga in ɗauko tukunyar. Na ce an hana a matsar da ita. Ta ce, «Ɗauko dai.»

Na tsaya a bakin taga riƙe da ita. Ta ce in ɗaga sama, hasken bai isa ba. Na ɗaga zuwa ƙirjina. Ta ce in ƙara. Na ɗaga har ganyen na taɓa kumatuna. Ta matso kusa, ta karkata kai ta kawo idon dama, ta daɗe tana kallo. Hannuna ya gaji, mai tasi ya ƙara hon, ba ta motsa ba. Can ta ce, «To, na gani. Khalas, ko ba haka kuke cewa ba?» Muka sauka.

Bayan tafiyarta da 'yan kwanaki furen ya buɗe, ja mai sheƙi, ya zubo ta ko'ina. Na zauna gabansa ni kaɗai, kewa ta cika min ciki. Na kira gida na yi ta kwatanta mata, tana cewa madalla. Kafin azumin shekarar ya zagayo idon ya rufe gaba ɗaya, bayan wasu shekaru kuma Allah Ya karɓi abarSa.

Da na je gida zaman makoki, ina hira da ƙanwata, na ce abin da ke ɗan sanyaya min rai shi ne ko ba komai ta ga jan bakin furen nan kafin ta taho. Sai ta ce, «Yaya, ai ba ta gan shi ba. Tun kafin ta baro can ta daina bambance launi. Ita ta faɗa min. Ta ce ba ta da hanyar da za ta ce ka tsaya ta kalle ka, shi ya sa ta ce ka ɗaga tukunyar.»

Har yanzu ina Alƙahira, na koma unguwar Faisal da iyalina, shukar ta cika babbar tukunya. Na san lokacinta yanzu. Da kaka ta shigo, ana kiran magariba nake jan taga in kashe fitilar ɗakin, yarana ma sun san ba a shiga da waya. Wani lokaci bayan na kashe ba na fita. Nakan zauna a cikin duhun ina tuna ranar tafiyar mahaifiyata. Ta tsaya gabana tana kallona iyakar kallo, ni kuwa duk hankalina yana kan kada ƙulle-ƙullen su zube, ko sau ɗaya ban ɗago na kalle ta ba.