Ranar da aka kawo tsohuwa ta tsallake ni

Dangin mijina sun daɗe da sanin halina: in na ga abu da idona, ko taron gari aka yi mini ba zan ce ban gani ba. Sun fara ɗanɗana wannan hali ne a shekarun mulkin farar hula, lokacin da sabulu ya yi wuyar da sai a ɓoye shi a ƙarƙashin gado. Ina aure a wani ƙauye kusa da Horo Birni, na samu ciki bayan dogon jira.

Laulayi ya tasa ni gaba. Tuwo ba ya zama, fura ba ta zama, sai kwaɗon ramar wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ba ta da ɗa balle jika a garin. Da hantsi za ta shigo da 'yar ƙwaryarta, ta dafa cikina ta ce, "Wanga yaro makwaɗaici na, ubanai yab biyo." Mu yi ta dariya.

A wata na uku jini ya ɓalle mini. Mijina ya sa ni a motar albasa zuwa asibiti a Boɗinga, can abin ya fita. Na nace wa malamar asibitin sai ta nuna mini. Wata 'yar jaka ce, kamar ƙwan da kaza ta saki ba ɓawo, ruwa zalla a ciki. Ta zauna a bakin gado ta yi mini bayani: makwancin ɗa ya tsiro, jiki ya ɗauka da ɗa, shi ya sa na sha laulayi, amma ɗan bai haɗu ba tun farko. Ba aiki ne ya jawo ba, ba abinci ba, ba hannun kowa ba. Na ji ta sarai, amma zuciyata ta ƙi. Yaron da nake yi wa hira ina daka, har na zaɓa masa suna, a ce mini babu shi?

Mijina, bawan Allah da magana ba ta kwana a cikinsa, ya gaya wa 'yan jaje cewa an ga jaka babu kowa ciki. A ƙauyenmu wannan fassara ɗaya gare shi: an cinye yaro. Aka fara tambayar wa ke taɓa cikin.

Wata safiya mijina yana fadama, sai ga hayaniya a tsakar gida. An jawo tsohuwar nan, kallabinta a hannu. A wurinmu in an zargi mutum da maita, sai a sa shi ya tsallake wanda aka ce ya kama. In ya tsallaka ya amsa laifi ke nan, zaman garin kuma ya ƙare masa. Ita kuwa ba ta da inda za ta.

Uwar mijina ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Kwanta ta ƙetare ki, ɗiyata, kada ta cinye na gaba."

Raina ya ɓaci har jirin da nake fama da shi ya sake ni. Na dafa bango na miƙe.

"Inna, ba ni kwantawa. Ni nag gani da idona. Ba a ci kowa ba, don babu kowa ciki tun hwarko."

Ranar bakina ya fara faɗin haka, kuma ya yi mini ciwo fiye da ɓarin. Na karɓi kallabin na ɗaura wa tsohuwar, na riƙe hannunta muka ratsa mutane har ƙofar ɗakinta. Na haifi 'ya'ya daga baya, na aurar, amma har yau in ina son in ji ni ma wata ce, wannan 'yar tafiyar nake tunawa.

Daga ranar 'yan jaje suka ɗauke ƙafa. Tunda da bakina na ce babu kowa, jajen me za a yi mini? Na yini a ɗaki ni kaɗai, ina ta fushi da kowa. Wajen la'asar tsohuwar ta yi sallama, ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shigowa.

Ta ce, "Su dai sun ji babu kowa. Amma ke kin yi rashi, ɗiyata. Allah shi ba ki haƙuri."

Na ce ta shigo. Sai a lokacin kuka ya zo mini.