Ranar da na cinye ƙosan mai bincike

Ko da ƙwaƙwalwata ta koma rariya, akwai ranar da ba za ta zube ba: ranar da na cinye ƙosan baƙo a gaban idonsa, kuma ya yi mini godiya.

Wasu Alhazai biyu, dogo da gajere, suna da kamfanin aika kaya daga Alƙahira zuwa Kano. Kamfanin ya karye, kowannensu na cewa ɗan'uwansa ne ya kashe shi. Kotu ta garƙame sitonsu na unguwar Ainu Shams a Alƙahira, inda muke zaune, a ciki har da kayan ɗakin 'yata, ga biki ya matso. Alƙali ya ce ko tsinke ba zai fita ba sai an naɗa mai bincike, wanda ba ruwansa da kowa, ya ware kayan kamfani da na jama'a. Ni dai karatuna bai yi nisa ba, amma a sanina mutumin da ba ruwansa da kowa gawa ake ce masa.

Na farko da aka naɗa, Alhaji dogo ya ce ba a barin baƙo a rana, ya ja shi gida ya dire masa kaza. Lauyan gajere ya ji labari, khalas, shi ke nan aka cire mai binciken. Na biyu ko ruwa bai sha ba, amma da Azahar Alhaji gajere ya manne masa a sahu, bayan sallama ya riƙe hannunsa yana tambayar iyali. Shi ma aka cire shi.

Da alƙali ya gaji, sai ya naɗa wani Bamisire Kirista da ke cikin dogon azuminsu, wanda ba nama, ba ƙwai, ba madara. Ba sahu, ba kaza! Aka kawo kilishi, ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri. Fura da nono, ma'alish. Aiki ya tafi sumul.

Ranar da zai kammala, muna tsaye a bakin sito, sai ga Hajiyata ta sauko daga tuktuk, adaidaita sahun can, da kwano.

"Malam, bawan Allahn nan ya rame. Maƙwabciya ta ce wake ba ya karya musu azumi."

Ƙosai ne, da zafinsa. Na ga maƙogwaron mutumin ya motsa. Lauyoyin biyu kuwa har sun ɗaga wayoyi za su ɗauki hoto, don mu ma masu kaya ne a ciki. In ya ci ɗaya, an cire shi, 'yata ta tare a tabarma.

"Hajiya, miƙo kwanon."

"Ba naka ba ne, mai haɗama!"

"Gadon 'yarki ne a cikinsa."

Na fizge, na zauna a ƙasa, na yi bismilla. Likita ya hana ni mai, amma ranar jihadi nake. Ina ci ina hawaye saboda yaji, mai bincike yana kallona kamar ana binne masa ɗan'uwa. Da na suɗe kwanon ya haɗiye yawu, ya ce, "Tamam, ya Hajji. Shukran." Ya juya ya ƙarasa aikinsa.

Kaya sun fita, an yi biki. Hajiya har gobe cewa take kwaɗayi ne kawai na samar wa hujja.

Abin da na koya, an ce baƙonka annabinka, gaskiya ne. Amma akwai baƙon da karramarsa ita ce ka bar shi da yunwarsa har ya gama aiki. Idan kuma abincin ya riga ya iso, to dattijo ya sadaukar da cikinsa.