Hular hana-sallah da na kai Furfuri

Na yi sallama a ƙofar gidan da aka kwatanta mini a Furfuri, sai ga dattijo mai farin gemu ya fito.

"Baba, ina wuni? Sani nake nema."

"Ni ne. Kai ne na Tsafe?"

Jama'a, ashe Sani dattijo ne! Shekara biyu muna musu a Facebook kan waƙoƙin kotso da kalangu. Hoton ganga ne a shafinsa, ni kuwa na ɗauka sa'ana ne. Ko shekaranjiya sai da na rubuta masa, "Kai yaro ne, me ka sani a kiɗa?" Tsarabar da na saya masa a Gusau ma hular hana-sallah ce.

Na zube ƙasa ina ba da haƙuri, ina ɓoye ledar hular a bayana.

Ya ce, "Tashi. Kowa a garin nan 'haka ne, Baba' yake ce mini. In kai ma ka durƙusa, da wa zan yi gardama?"

Ya ƙwace hular ya kafa a kansa, ya jawo rediyo da tulin kaset. Har la'asar muna musu, kuma wallahi ban sakar masa ba.

Yanzu ku ba ni shawara: gobe a Facebook, Baba zan kira shi ko yaro?