Tukunyar Furen Falmata

Har yau ranar nan ba ta fita a raina ba, ranar da Modu direba ya shigo lambun kamfani rungume da tukunya kamar mai ɗauke da jariri. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, kuke ganin sana'ar ba ta wuce ɗaukar bokiti ba, ku kasa kunne.

A tsakiyar shekarun hamsin ne, ina helma, wato shugaban leburorin lambu, a wani kamfanin sayen gyaɗa da ke bakin Sabon Gari, kusa da tashar jirgi. Aikinmu rainon furanni a tukwane, mu kai ofis da gidajen manyan ma'aikata. A samana akwai babban akawu, Mista Adeyemi, mutumin kudu. Ba abin da ke shiga lambun ko ya fita sai da izininsa.

Modu Babarbare ne, tun kakanninsa suke zaune a Fagge. Ni kuwa Bafulatani, kun san tsakaninmu sai wasa. Kullum ya gan ni sai ya ce, "Bawana, an ba ka abinci kuwa?" ni ma in rama. Ran nan kuwa bai tsokane ni ba. Matarsa Falmata ta rasu a ƙarshen damina, ba a daɗe da yin sadakar arba'in ba.

Ya ajiye tukunyar a gabana ya ce, "Helma, duba mini. Tana so ta bi mai ita."

Na duba, ba ganye ko ɗaya, sai ƙasa jagab. Na sa yatsa na tono wani busasshen ganye mai tsaga-tsaga kamar na ƙaramar giginya, nan take na gane ta. Wata shukar daji ce mai fure da Turawa ke kira okid, irin wadda ke fitowa a ƙasa, tana da tushe kamar gwaza. Falmata ta zo da ita daga garin iyayenta wajen Biu tun tana amarya. Halin wannan shuka shi ne, da ruwan sama ya ɗauke sai ta zubar da ganye ta kwanta barci, ba ta son ko ɗigon ruwa sai bazara ta kawo hadari.

Na tambaye shi yadda yake ba ta ruwa. Ya ce marigayiyar a gefen tukunyar take alwala, ruwan yana zuba ciki. Tun da ta rasu shi ma can ya mai da butarsa, kowace salla. Da ya ga ganyen na yin rawaya sai ya ƙara da kofi guda da safe. Allah sarki! Duk shekara daga kaka har bazara yana hanyar Nguru da motar gyaɗa, ba ya zama gida. Bai taɓa sanin shukar ba sai tana kore.

Na kife tukunyar a kan buhu, wari ya buge ni. Tushen sun ruɓe sun zama kamar kunu, sai guda ɗaya da rabinsa ke da tauri. Na yanke ruɓaɓɓen gefen da wuƙa, na shafe wurin da toka. Niyyata in ɓoye ta a rumfarmu nesa da butar Modu, don haka na je wurin babban akawu.

Ya ce, "Helma, ka san doka. Tukunyar waje ba ta kwana a nan, kada ta kawo mana cuta."

Raina ya ɓaci, amma gaskiyarsa ce. Ya dai fito ya yi wa Modu gaisuwa, ya ce in ɗebi yashi da gawayi yadda nake so. Na shanya tushen a inuwa har yamma, na zuba gutsattsarin kasko a gindin tukunya don ruwa ya riƙa wucewa, na cika da yashin da dakakken gawayi, na binne shi sama-sama.

Ni ban iya kwana-kwana ba. Na ce, "Modu, ruwa ne ya cinye su. Ka kai ta gida, ka ajiye a inuwa, kada ka ba ta komai har ruwan fari ya sauka."

Ya dube ni ya ce, "Ita ma ina hanya ta cika, ko kurɓin ruwa ban ba ta ba. Yanzu wannan ma ka ce in zuba mata ido?"

Na ce masa iyakar abin da na sani ke nan, kuma ko ya bi maganata ban da tabbas za ta tashi.

Duk Juma'a in an sauko masallaci sai in biya gidansa a Fagge in soka yatsa cikin yashin. Ya roƙa a cire shi daga doguwar hanya, don haka kullum yana gida tare da tukunyar. Ya mai da alwalarsa zaure. Da zafi ya tsananta na same shi zaune da buta a hannu, ya juya wa tukunyar baya. Ya ce, "Ko ɗigo, Helma?" Na ce ko ɗigo, kuma in na tarar da laima sai mun yi faɗa. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Ya Hajja, ta jiyo mu ta katanga, ta ce, "Ɗana, ai marigayiyar ma da ganyen ya zube take tura ta ƙarƙashin gado." Modu ya sunkuyar da kai. Daga ranar bai sake tambayata ba.

Ruwan fari ya sauka, mako ya wuce, shiru. Ni kaina na fara neman kalmar da zan ba shi haƙuri da ita. Sai wata safiya ina rarraba wa leburori aiki na ji murya daga bakin ƙofa: "Bawana, bar abin da kake yi, taso!"

Muka tafi Fagge a kan kekena. Ga kara guda ya tsago yashin, siriri, ba ganye, da 'yan ƙulle-ƙulle a kansa, na ƙasan ya fara buɗewa launin shunayya. Modu ya ɗauko buta ya tsaya yana jirana.

"Yanzu fa?"

Na ce, "Yanzu zuba, amma kaɗan."

Ya tsugunna a gefen tukunyar ya fara alwala, ga shi ba lokacin salla ba ne. Da ya zo wanke fuska ya daɗe bai ɗago ba. Na fita zaure na ba shi wuri.

Na shekara da shekaru a aikin nan, kuma shukokin da na ga sun mutu a hannun masu sonsu sun fi waɗanda sakaci ya kashe. Zuba ruwa kowa ya iya, riƙe hannu ne ke da wuya. In an kawo muku tukunya jagab, kada ku fara da yi wa mai ita tsawa. Ku tambaye shi ta wace ce.