Motar da ta kusa sauke liman

Ko ranar da haƙorina na ƙarshe zai faɗi, ba zan manta da Juma'o'in da motar maigidana ta kusa raba wani dattijo da limancinsa ba. Zan faɗa muku yadda aka yi, amma mai alwala ya riƙe abarsa da kyau, don labarin bai cika tsarki ba.

A ƙarshen shekarun tamanin ina direban wani Alhaji mai fataucin albasa a Birnin Konni. Ya sayo wata baƙar mota daga Kotonu, doguwa, wadda kujerunta na baya ke numfashi. Allah kuwa. Ƙarƙashin kujerar akwai ɗan famfo da siraran tiyo kamar taliya, suna hura iska cikin kushin don kada bayan babban mutum ya gaji. Ni ne masanin motar a gidan, tunda na yi lakwal, wato makarantar boko, har zuwa ajin da ake fara dukan mutum saboda lissafi. Littafinta ma ba da Faransanci aka rubuta shi ba. Na dai duba hotuna na ce na gane.

Alhaji ba ya zama baya. Gaba yake zama, gwiwar hannu a taga, don 'yan duwan, wato kwastan, da jandarma su san wa ke wucewa. Baya ta manyan baƙi ce, kuma babu baƙon da ya kai surukinsa Malam, mahaifin uwargida. Tsufa ya dawo da Malam cikin gari, amma har lokacin shi ke jan sallar Juma'a a ƙauyensu, can hanyar Alela. Da a bayan babur ake kai shi. Alhaji ya ce wannan ya ƙare.

Juma'ar farko, muna barin kwalta muka faɗa wani rami, sai ga wani sauti daga baya. Dogo, siriri, da ɗan lanƙwasa a ƙarshe kamar mai tambaya. Alhaji ya kafa wa gonakin gero ido kamar zai saye su. Ni na riƙe sitiyari da hannu biyu ina cizon leɓe. Malam ya ci gaba da jan carbi, sai dai ya ƙara sauri. Babu wari ko kaɗan, amma na ce a raina ai cikin malamai daban ne. Da muka isa, ya ce, "Ɗana, miƙo mini buta." Ya sake alwala.

Haka aka yi ta yi, Juma'a bayan Juma'a. Kowane rami da nasa karatun. Babu wanda ya ce uffan, don wane suruki ne zai buɗe baki ya yi irin wannan zance da uban matarsa? Alhaji ko tuwo ba ya ci a gabansa.

Sai labari ya fito ta cikin gida: Malam ya daina cin wake, ya daina shan fura da safe, ya rame. Ya gaya wa iyalinsa cewa jikinsa ya daina shawara da shi, abu na fita bai san ya fita ba sai ya ji ƙara da motsi. Mutumin da bai iya riƙe alwala, in ji shi, bai kamata ya tsaya gaban jama'a ba. Juma'a mai zuwa zai miƙa wa na'ibinsa sanda.

Cikin makon nan aka aike ni Galmi. A dawowa but ɗin mota ya cika da kaya, na ɗora buhun albasa ɗaya a kujerar Malam. Ina faɗawa rami sai na ji muryar da na sani, har da lanƙwasar. Na taka birki na waiwaya. Ni kaɗai ne, sai buhu. Na daɗe da sanin albasa, tana sa mutum ya yi, amma ita da kanta ba ta yi.

Ina isa gida na ɗage kujerar. Ga famfo cikin soso yana gurnani ba hutawa, alamar iska na gudu ta wani wuri. Na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da kunne, ban ji komai ba. Na kaɗa ruwan sabulu na shafa musu yadda masu faci ke yi wa tayar keke, shiru. Sai na tuna abin ba ya magana sai an danne shi. Na mayar da kujera, na ɗora buhu, na kwanta a ƙasa na leƙa, sai ga kumfa na tashi. Ɓera ne ya ɗan tsaga tiyon da ya bi ƙarƙashin wurin zaman, ga ɓawon gyaɗarsa nan ya bari shaida. In nauyi ya matse wurin, tsagar ta buɗe baki ta rera. Na yanke wurin, na haɗa da robar bawul ɗin keke, na ɗaure da zare. Na hau na yi tsalle, mota ta yi shiru kamar amarya.

Na tafi wurin Alhaji ina tafiyar injiniya. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya dafe kai.

"Ka gyara ta?"

"Tsaf, Alhaji."

"Ka kashe ni. Yanzu mi za mu gwada mishi? Ni zan je in ce, Baba, abin nan da munka riƙa ji ba kai ba ne? Wato in shaida mishi na ji ke nan? Maza ka koma ka ɓata ta yadda ka ishe ta."

Jama'a, gyaran mota na san shi. Amma mayar da tusa wurinta, wannan wani ilimi ne. Na kwance robar, na sa sabon gutsuren tiyo, na tsaga da reza. Ta farko ta yi kukan tsuntsu. Ta biyu ta yi irin na jaki, Alhaji ya ce wannan cin mutunci ne. Ina tsagawa ina sake ɗora buhu, shi yana tsaye da kunne kamar mai zaɓen kalangu, har ya ɗaga hannu ya ce, "Ita ce. Kada ka ƙara taɓawa."

Saura wanda zai faɗa. Uwargida ta ce mutum ɗaya ne a duniya ke iya wa Malam irin wannan magana: taubashiyarsa, ɗiyar kawunsa, wata tsohuwa mai sayar da daddawa wadda bakinta ya fi hajarta ƙarfi. Aka kai mata labari, ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa.

Ranar Juma'a ta tare mu a ƙofar gida da ƙullinta, wai za ta ƙauye. Ta buɗe ƙofa ta ce, "Matsa can, bawana, uwargijiyarka ta zo." Malam ya matsa ɗaya gefen ba musu, fuskarsa duk ta faɗa, sandar huɗuba a tsakanin gwiwoyinsa. Na nemi ramin da na fi yarda da shi na faɗa. Motar ba ta ba ni kunya ba.

"La ilaha illallahu!" in ji tsohuwa. "Wanga daga ƙarƙashina ya hito, kuma ni na san nawa, ba haka muryarshi take ba. Kai direba, tsaya!"

Na tsaya. Ta fita, ta sa na ɗora ƙaton dutse a wurin, ta danna da hannu. Kujera ta amsa. Ta sake dannawa, ta sake amsawa. Ta leƙa ta dubi Malam.

"Kai tsoho, ashe laihin kujera ka ɗauka ka aza ma kanka? Malamin da bai san tashi ba, ina ya san ta mutane?"

Alhaji ya fita ya tafi duba wata bishiya. Malam ya daɗe yana kallon dutsen. Can kafaɗunsa suka fara rawa, ya rufe baki da gefen rawani, hawaye na zuba. Da ya samu numfashi ya ce, "Ashe wake na zalunta."

Da muka isa masallaci, na miƙa masa buta yadda na saba. Ya gyara riƙon sandarsa ya ce, "Miƙa ma motar, ɗana. Ita ke bukata." Ya shige gaban sahu. Ya ja sallar ƙauyen nan har ƙarshen ransa, Allah ya jiƙansa.

Abin da na koya shi ne, kunya ado ce, amma mu uku muka yi ta ado a cikin mota har dattijo ya kusa rasa abin da ya fi so a duniya. Ka riƙe wanda zai iya faɗa maka abin da kowa ya ji ya yi shiru, ko da bakinsa na warin daddawa. Kuma in ka kama mai laifi, kada ka yi saurin gyara shi sai wanda aka zarga ya gan shi da idonsa.