Hoton Ƙafafun Gwanki

Ni mai hoton biki ne. Shekara da shekaru ina da shago a cikin garin Birnin Gwari, ina ɗaukar amare da masu saukar karatu da masu neman fasfo. In ce wa mutum ɗago kai, ya ɗago, in ce gyara hula, ya gyara. Ban taɓa ɗaukar abin da ba zan iya ce wa "tsaya" ba sai da mahaifina ya aike ni daji, kuma ba da son raina na tafi ba.

Baba maharbi ne tun yana saurayi, a wani ƙauye gaba da Damari. Da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, muka ɗauko shi zuwa gari, shi da butarsa da wani ƙunshi da bai yarda kowa ya taɓa ba. A gari idonsa ya fara tafiya. Na dama ya rufe gaba ɗaya, na hagu saura dishi-dishi, likita a Kaduna kuma ya ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, sai dai a yi ta ɗiga magani.

Wata rana da la'asar ina ɗiga masa maganin ya riƙe hannuna, ya faɗa mini abin da ya sa ya bar farauta tun ina ƙarami. Mu duk mun ɗauka gwiwa ce. Ashe macen gwanki ya harba a bakin wata ƙorama inda namun daji ke lasar kanwa, da ya farke ta sai ya tarar da ɗa a ciki. Maharban wajenmu ba sa taɓa mai ciki, kuma ya san haka, idonsa ne ya rufe da son nama. Daga ranar bai sake ganin gwanki a dajin nan ba, ko sawu.

"Ina jin ni na yanke irinsu," in ji shi. "Abin nan ya hana ni sakat. Ka je ka dubo mini tun ina iya gani. In suna nan, ka kawo mini su a takarda."

Na ce, "Haba Baba, ni da ko kaza ban iya kamawa? Ku dubi tumbina fa."

Bai yi dariya ba. Ya sa aka kwance ƙunshin, sai ga kan burtu. Itace ne aka sassaƙa kamar wuyan tsuntsun, aka lulluɓe da baƙar fata, aka dasa baki na ainihin burtu, da 'ya'yan idon zakara jajaye a gurbin ido, da igiyar fata da ake ɗaurawa a goshi. Maharbi yakan ɗaura shi, ya yafa baƙin mayafi, ya yi ta rarrafe yana sara ƙasa da bakin kamar mai kiwo. Namun daji sun yarda da burtu. In suka gan shi hankali kwance, su ma sai su kwantar da nasu.

Kwana uku ina rarrafe a tsakar gida, matata na leƙowa daga madafa tana danne dariya da gefen zani. Baba na zaune yana kasa kunne. Ko bai gani sosai, yana jin gwiwata. "Burtu ba ya sauri," yake cewa. "Taku biyu, ka sara. Kai wannan ai tafiyar akuya kake." Raina ya ɓaci ba sau ɗaya ba, amma na haɗiye.

Lokacin hanya ta ɗan lafa, mutane sun fara komawa gona. Wanda zai raka ni aminin Baba ne, wani tsohon maharbi Bagwari da muke ce wa Kawu, tare suka yi dajin nan shekaru, ɗaya ya yi salla ɗaya ya tsare masa baya. Da ya ga dogon bakin kyamarar da na aro, sai ya ce in naɗe shi da zanin atamfa har mu isa, kada wani ya hango daga nesa ya ɗauka bindiga ce. Ban yi gardama ba. Tsoro dai na ji shi.

An yi ruwan farko, ciyawa ta fara toho a inda aka ƙone. Mun bar babur a gidan wani manomi, muka taka da sassafe. Ni ɗan yankin ne, amma wallahi ban san dajinmu ba sai ranar. Itatuwan doka sun fitar da sabon ganye ja kamar an shafa musu manja, rana na ratsa su, ƙasa na tashi da ƙamshi, ga tsuntsaye iri-iri kowanne da nasa kukan ba mai jiran wani. Na tsaya baki buɗe har sai da Kawu ya zungure ni. Ya ɗebi toka a aljihu ya saki kaɗan, ya ga inda iska ta kai ta, sannan muka zagaya ta ƙasan ƙoramar.

Ranar farko na yi ɓarna. Mazo ne guda biyu, dangin barewa, a wurin lasar, na rarrafa lafiya lau har na kusa, ina ta yaba wa kaina. Sai na yi abin da na saba yi sau dubu, na kai kyamara ido. To, mai kan burtu a goshi in ya ɗago fuska, bakin tsuntsun sama yake kallo. Kafin in danna, wurin ya zama wayam, har zabin da ban ma lura da su ba sun tashi fir.

Kawu ya fito daga bayan wata itaciyar kirya yana girgiza kai. "Burtu ba ya duban sama sai ya ga mugun abu. Ka faɗa wa daji duka su gudu."

Na ce, "To Kawu, da me zan duba? Da ƙeya?"

Baba bai san yadda ake riƙe kyamara ba, ni ban san halin burtu ba, shi ya sa babu wanda ya tuna da wannan a tsakar gida. Kawu ya ce shi ba ruwansa da injina, abin da ya sani shi ne kai ya zauna ƙasa. Haka muka koma gidan manomin ina ta ƙunƙuni.

Washegari muka dawo tun rana ba ta ɗaga ba. Na rataye kyamarar a ƙirji, ƙarƙashin mayafi, bakinta kawai a waje. Na shiga fili ina taku biyu ina sara. Gwiwoyina sun sha ƙaya, tururuwa na hawa ƙafata, ba damar sosawa.

Sai na ji wani gurnani mai zurfi, kamar ana buga turmi a cikin rami. Burtu ne na gaske, guda uku, suna tahowa cikin ciyawa a jere, tafiyar ƙasaita irin ta wanda ba a jira. Babban ya zo har kusa da ni, ya karkata kai. Ta ƙasan igiyar goshina na ga idonsa, da gashin ido zara-zara fiye da na duk amaryar da na taɓa ɗauka. Ya dube ni, ya dubi kan itacen, ni kuwa na ci gaba da sara ƙasa ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ban san abin da ya yanke a kaina ba. Ya dai wuce, ya kama ƙwaro a gefena, sauran suka bi shi.

Ina cikin wannan sai ƙasa ta fara amsawa a tafin hannuna. Ban ɗago ba, na mirgina ido kawai. Daga cikin dokar gwankaye suka fito, ɗaya bayan ɗaya, manya kamar dawaki, jikinsu ja-ja mai toka-toka. Na gaba ya tsaya. Fuskarsa baƙi da fari kamar an zana da hannu, kunnuwa dogaye masu tuntu a baki, ƙaho ya lanƙwasa baya. Tsigar jikina ta tashi. Na ce Subhanallahi a zuci, na sake cewa, don ban da wata kalma. Shekaruna hamsin da wani abu, ina zaune tafiyar rabin yini da wannan halitta, ina ta fama da masu gyara hula.

Ya dubi burtun nan uku, ya dubi na huɗu mai ƙiba, ya yi huci sau ɗaya, ya sunkuya ya fara lasa. Sauran suka matso. Ina jin ƙarar harshensu a ƙasa, ina jin warinsu kamar na garke bayan ruwa. Hannuna na ƙaiƙayi in kai kyamara ido, ga haske ya faɗo daidai, ga fuskar nan da ba zan sake samu ba. Na tuna jiya. Na bar kai a ƙasa, na lalubi maɓalli a ƙarƙashin mayafi, na yi ta dannawa a makance duk lokacin da na sara. Hawaye na zuba a ƙasa, ban ma san na fara ba.

Ba su gudu ba. Da suka gama suka juya da kansu, dokar ta rufe su. Kawu ya zo ya zauna kusa da ni, ya cire hula.

Sai a hanya na duba abin da na ɗauka, raina ya yi baƙi ƙirin. Ciyawa, ciyawa, gefen mayafi, sama a karkace. Guda ɗaya ne kawai ya fita tas, shi ma ƙafafu ne da ciki, babu kai ko ɗaya. Da yaron shagon wani ne ya kawo mini irinsa, da na ce ya nemi wata sana'a. Na yi niyyar in ce wa Baba kyamara ta ƙi, in ba shi labari da baki. Kawu ya ce, "Ba labari ya aike ka ba."

Na wanke shi babba, girman faifai, na kai masa da hantsi, na fito da shi bakin ƙofa inda haske ya fi. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya kai takardar dab da idon hagu har tana taɓa hancinsa, yana jan ta a hankali daga gefe zuwa gefe.

"Gwanki ne," ya ce. "Dubi kofaton. Wannan namiji ne, tsoho, ya taɓa karyewa a nan." Yatsansa ya matsa. "Waɗannan siraran na ɗan bara ne."

Sai yatsan ya tsaya a kan wani ciki da ya sauko, wanda ni ban ga komai a cikinsa ba sai abin da ya tare mini hoto. Ya daɗe a wurin.

"Wannan tana da ciki," ya ce. "Ta kusa."

Ya nemi in kira Kawu ya tabbatar, Kawu ya duba ya ce haka ne, ba za ta wuce wata guda ba. Baba ya kifa hoton a ƙirjinsa ya yi ta hamdala.

Kafin kaka idon hagun ma ya rufe. Hoton yana nan a jikin bango daidai kafaɗarsa, inda ya ce a kafa, kuma wurin cikin nan har ya dushe saboda shafawa. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya kama hannunsa ya ɗora a wurin, ya ce, "Yanzu ai ta haihu."